Kwanon Marar Lafiya a Makonnin Gashin Ciki

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar Hausa ya san tambayar da 'yan dubiya ke yi da zarar an gama "yaya mai jiki". Sai su rage murya su ce, "Yana dai cin abinci ko?" In aka ce yana ci, hankali ya kwanta. In aka ce ba ya ci, sai a yi shiru ana kallon juna. A kan wannan tambaya nake son tsayawa a wannan mako, dangane da wasu majinyata da za mu riƙa gani a cikin gidajenmu na Kankiya da Kusada fiye da da, wato masu ciwon daji waɗanda ake yi wa gashi a ciki ko a mara.

Dalilin da ya sa na ce fiye da da shi ne, shekaru da dama wanda likita ya rubuta wa gashi daga wannan yanki sai ya ɗaure kayansa, ya bi ta Malumfashi da Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko ya nufi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Abuja ga mai hali, ya nemi ɗakin haya ko gidan ɗan'uwa, ya ci abin da ya samu. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da wasu biyu a Enugu da Benin. Daga Kankiya zuwa Katsina tafiyar wajen awa guda ce. Ke nan mutumin Kankiya, ko na Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, zai iya zuwa a duba shi ya dawo ya kwana a ɗakinsa, ya ci daga tukunyar gidansa. Wannan sauƙi ne babba, amma ya ɗora wani nauyi a kan matan da ke riƙe da muciya, kuma ban ga alamar an shirya su ba.

Abin da na gani da idona ne ya sa nake faɗin haka. Wata gwaggona daga wani ƙauye na ƙasar Kusada ta yi fama da sankarar bakin mahaifa, aka tsara mata gashi na mako biyar a wani asibiti da ke wata jiha, ni da 'yarta muka riƙa karɓa-karɓar zama da ita. A makon farko lafiya lau, har tana cewa ita ba ta ga abin da ake tsorata mutane da shi ba, tunda ko ɗumi ba ta ji a kan gadon na'urar. Ana shiga mako na uku zawo ya kece mata. Aka ba mu wata takarda da Turanci mai jerin abincin da za a ci da wanda za a bari, na karanta ta daga sama har ƙasa, ban ga tuwo ba, ban ga koko ba, ban ga fura ba. Rabin abin da ke ciki ba a sayar da shi a kasuwar garinmu. Sai gida ya rabu biyu. Wasu suka ce a dage mata da kwaɗon zogale da wake don jini ya dawo, wasu suka ce a hana ta komai sai ruwan koko har cikin ya lafa. Ita kuwa da ta lura duk abin da ta ci yana kai ta bayi, sai ta yanke wa kanta hukunci. Na miƙa mata kofi na ce, "Gwaggo, daure ki sha ko kaɗan ne." Ta kawar da kai ta ce, "Ɗan nan, ƙyale ni. In ban ci ba me zai fita?" Kwana huɗu bayan haka ba ta iya tsayuwa ba, aka ɗaura mata ruwa, aka dakatar da gashin na kusan mako guda.

Wannan dakatarwa ita ce asarar da mutane ba su gani. Amma kafin in zo kanta, bari mu fahimci abin da ke faruwa a cikin cikin.

Kalmar "gashi" da muke amfani da ita tana da ruɗarwa, domin ba wuta a cikin aikin, ba kuma zafi. Na'ura ce ke harba wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, a saita shi daidai inda ƙarin yake, ya lalata ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa. Ƙwayoyin sankara suna cikin masu saurin nan. Matsalar ita ce, shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin hanjin ɗan'adam ita ma tana cikinsu, don kuwa cikin kwana uku zuwa biyar take sabunta kanta. Mahaifa da mafitsara da dubura kuma duk maƙwabtan hanji ne, babu yadda za a haska ɗaya ba a shafi ɗayan ba. Idan aka yi ta haskawa kullum, Litinin zuwa Juma'a, sai sabuntawar ta kasa cim ma lalacewar. Hanjin ya yi laushi ya kumbura, ya rage tsotse ruwa da abinci, ya riƙa tura abin da ke cikinsa da gaggawa. Shi ya sa zawo da murɗawar ciki ba su cika bayyana a ranakun farko ba, sai an shiga mako na biyu ko na uku. Idan kuwa saman ciki ake haskawa, wajen tumbi, tashin zuciya da amai ne kan gaba, kuma su sukan zo cikin 'yan sa'o'i bayan an sauko daga na'urar.

Wannan zawo ba na ƙwayar cuta ba ne, ba kuma alama ce ta cewa maganin ya ƙi jikin mutum ko "dattin ciki" ne ke fita ba. Don haka garzayawa kemis a sayo Flagyl, kamar yadda muka saba da kowane gudawa, ba ya tsinana komai, sai ma ya ƙara tashin zuciya da ɗacin baki. Akwai maganin rage gudun hanji, akwai na hana amai wanda akan sha kafin a hau na'ura, likitan da ke gashin shi ne zai rubuta su, shi ne kuma ya san lokacin da bai kamata a sha ba. Mafi muni shi ne jiƙe-jiƙen wankin ciki. Filasko da kanwa da tsimin maganin basir da ake talla a mota da lasifika, dukkansu aikinsu su kori abin da ke hanji, ga shi kuwa hanjin da ake magana ya riga ya gaji da gudu. Mai son marar lafiya ya ɗauke masa su har a gama.

Yanzu mu koma kan dakatarwa. Likitoci ba da ka suke ƙayyade yawan kwanakin gashi ba. Ana raba shi ƙanana-ƙanana, sau 25 zuwa 28 a yawancin masu ciwon mara, don lafiyayyen nama ya samu damar farfaɗowa tsakanin yau da gobe. Amma ita ma sankarar tana farfaɗowa in aka ba ta hutu mai tsawo. A sankarar bakin mahaifa, ƙa'idar da masana suka tsaya a kai ita ce a kammala dukkan gashin, na waje da na ciki, cikin mako takwas, wato kwana 56, kuma kowace rana da aka ƙara bayan haka tana rage damar warkewa. Sannan yawancin matan nan ana haɗa musu da wani ruwan magani mai suna sisfilatin sau ɗaya a mako, wanda ke wahalar da ƙoda idan jiki ba shi da ruwa. Ga ƙarancin jini, wanda shi ma ke rage wa gashin kaifi, domin hasken ya fi cin ƙarin da jini ke kai wa iskar shaƙa sosai. Akwai ma wani abu da ban sani ba sai da wani ma'aikacin ɗakin na'ura ya yi mini bayani: kafin a fara, ana ɗaukar hoton jikin mutum a auna shi, a yi masa alamomi a fata, a tsara hanyar hasken bisa wannan awo. In ya rame sosai a tsakiyar aiki, awon ya tashi, wani lokaci sai an sake sabon tsari. Iyali sun sayar da tumaki, wataƙila har da gona, sun biya kuɗin na'ura, sai ga shi abin da zai ɓata aikin ya fito daga rashin kofin kunu da ƙwai biyu. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ban san inda maganar ta fi dacewa kamar nan ba.

To me za a zuba a kwanon?

Farko dai, kada a fara hana mutum abincinsa tun ciki bai ce komai ba. An daɗe ana ba masu gashin mara shawarar su guji ganye da wake da duk abin da ke da dusa tun daga ranar farko, amma wani bincike da aka yi a Ingila kan majinyata 166, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa wannan takurawa ta riga-kafi ba ta kare hanji ba. Waɗanda aka ƙara wa irin wannan abinci ma sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka ci gaba da cin abin da suka saba. Saboda haka muddin bayan gida yana tafiya daidai, kuma likita bai ce a rage wani abu don kumburin ciki ba, a bar mutum da tuwonsa da miyarsa, a ƙara masa nama ko kifi ko ƙwai gwargwadon hali. Makonni biyun farko lokacin tara ƙarfi ne.

Ranar da zawo ya fara, nan kwano zai sauya. Abin da hanji mai rauni ke so shi ne abinci mai laushi, marar dusa, marar yaji, marar maiƙo da yawa. Allah ya sa muna da irinsa, ba sai an je kanti ba. Koko na gasarar da aka tace da kyau, ba a cika masa citta da barkono ba. Kunun shinkafa. Tuwon shinkafa mai laushi, ko farar shinkafa da ta dahu luguf. Faten dankalin turawa da aka fere, dafaffiyar doya, taliya, farin burodi, ayaba nunanniya. Tuwon masara ko na dawa ma yana shiga in an surfa hatsin sosai an tankaɗe garin, an kuma tuƙa shi da ruwa-ruwa. Miya kuwa a yi romon kaza ko na kifi da ɗan gishiri da albasa kaɗan, a jefa kabewa ko karas su narke a ciki. Abin da za a jingine na ɗan lokaci shi ne wanda muka fi ɗauka a matsayin mai gina jiki, kuma nan ne gardama take tashi a gida: wake da shinkafa, ɗanwake, ƙosai, alale, dambu, kwaɗon zogale da na rama, ɗanyen kabeji da latas, ƙuli-ƙuli, tsire da yajinsa, soyayyen abu kowane iri. Kunun tsamiya da kunun kanwa su ma su jira, haka goro da shayi mai kauri da lemon kwalba. Ba wanda ya ce zogale ba shi da amfani. Yana da shi, amma hanjin da ya saɓule ba zai riƙe shi har ya ci moriyarsa ba.

Sai dai koko zalla ba ya riƙe babban mutum mako uku, kuma wannan shi ne kuskuren ɓangare na biyu na gidanmu. Jikin da ake gasawa kullum yana gyaran kansa kullum, kayan gyaran kuwa daga nama da ƙwai da kifi da danginsu suke zuwa. Dafaffen ƙwai shi ne mafi sauƙi, kuma da damina ƙwan zabi ba ya wuya a ƙauyukanmu. Kazar da ake tanadi don baƙo, ga baƙon nan ya zo. Wanda ba shi da halin nama yana da awara, domin an tace dusar waken suya kafin a haɗa ta. A dafa ta cikin romo maimakon a soya a barbaɗe da yaji. Kunun gyaɗa da aka tace, ba mai kauri ba, yana ƙara ƙarfi in ciki ya karɓa.

Maganar fura da nono tana bukatar tsayawa, don na san akwai dattawan da in ka hana su fura kamar ka hana su numfashi ne. Hanjin da gashi ya taɓa yakan kasa narkar da sukarin da ke cikin madara na wani lokaci, ko da mutum ya sha madara duk rayuwarsa ba ta dame shi ba, sai ta sa shi kumburi da ƙugin ciki da ƙarin zawo. Kindirmo ya fi sabuwar madara sauƙi saboda tsamin ya cinye wani kaso na sukarin. Amma a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, kuma an san ruwan da aka dama da shi, domin mai shan sisfilatin garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, cutar da za ta wuce mai lafiya a kwana ɗaya shi tana iya kwantar da shi. Ita kuwa furar, da geronta da kayan yajinta, gara a jinkirta. A gwada kindirmon kaɗan da safe, a ga yadda ciki zai amsa kafin la'asar. Ya karɓa a ci gaba, ya ƙi a bari.

Yadda ake ba da abincin ya kai abincin kansa muhimmanci. Malmalar tuwo uku a gaban mai tashin zuciya tana kashe masa sha'awa tun kafin ya wanke hannu. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, a ƙaramin kwano, ba mai tururi ba, kuma a nisanta shi da ƙaurin girki. Wanda gashin ke tayar wa zuciya ya ci abu marar nauyi awa ɗaya ko biyu kafin a shiga da shi. Wasu masu gashin mara za a umurce su su sha wani adadin ruwa su riƙe fitsari kafin su hau na'ura. Cikakkiyar mafitsara tana ture hanji daga hanyar hasken, don haka a bi umurnin daidai ko da riƙon yana da wuya.

Ruwa shi ne abin da ya kayar da gwaggona, ba yunwa ba. Mai zawo yana tsoron sha, musamman in gobe zai shiga motar haya ta awa guda wadda ba za ta tsaya masa ba, kuma kunya ba za ta bar dattijuwa ta ce wa direba ya tsaya ba. Duk da haka dole a mayar da abin da ya fita: kamar lita biyu zuwa uku a yini, kurɓi-kurɓi, sai fa in likita ya ƙayyade saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Garin gishiri da sukari na leda da ake ba yara masu gudawa shi ne dai na manya, a zuba leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ruwan leda biyu. In babu, a sa sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokali a lita ɗaya. Launin fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya ƙanƙance, ruwa ya yi ƙasa. Wanda gashinsa ya faɗo cikin watan azumi ya tambayi likitansa ya kuma tambayi malaminsa. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama, kuma yini guda ba ruwa a kan zawo da sisfilatin ganganci ne da ƙoda.

Akwai lokacin da dabarar gida ta ƙare. Idan zawo ya kai sau shida ko bakwai a yini, ko jini ya biyo, ko zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafi, ko amai ya hana ruwa zama yini guda, ko jiri na ɗibar mutum in ya miƙe, to ba a jiran ranar komawa asibiti. Babban Asibitin Kankiya ya fi kusa, a je a ɗaura ruwa, a tafi da katin gashin, a kuma sanar da likitan da ke kula da shi. A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako ana rubutawa. Mai kilo 60 da ya zubar da kilo 3 ya kai a faɗa wa likita, ko da shi yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Wani abu da ya ba ni takaici a lokacin jinyar nan shi ne ware wa gwaggo kwano da kofi da wasu suka yi, har da hana jikoki hawa cinyarta, wai kada hasken ya shafe su. Wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya ɗauke da komai a jikinsa in ya fito, kuma sankara ba a ɗaukarta ta kwano. Tsohuwar da ta saba cin abinci cikin jikoki, in aka tura mata kwano ɗaki ita kaɗai, loma biyu za ta yi ta rufe. Ranar da 'yarta ta wanke hannu ta zauna suka ci tare, ranar ta fara cinye abin da aka zuba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Takarda guda, gaba da baya, da Hausar boko da ta ajami, mai sunayen abincinmu, wadda za a miƙa wa mai zaman jinya tun ranar da aka yi wa majinyaci alama a fata, a kuma karanta wa wadda za ta yi girkin, don sau da yawa wanda ya raka marar lafiya gaban likita namiji ne da bai taɓa riƙe ludayi ba. Muna da makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya, ɗalibanta suna fita aikin gwaji a ƙananan asibitocin ƙauyuka. Malamansu da masana abinci na asibitin koyarwa za su iya zama su fitar da wannan takarda cikin 'yan kwanaki, ɗaliban su kai ta inda ake bukata.

Gwaggo ta koma ta ƙarasa gashinta, an haura kwanakin da aka so da kaɗan. Zawon bai tsaya ranar da aka gama ba, haka kuma yake ga yawancin mutane: yakan ci gaba mako biyu zuwa shida kafin hanji ya murmure, wani lokaci ma makon farko bayan gamawa ya fi tsanani. Mun riƙa dawo mata da abinci ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ba shi kwana biyu a gani, aka fara da miyar kuɓewa, wake ya zo a ƙarshe. Likitan ya gargaɗe mu da cewa ko bayan watanni ko shekaru, in ta ga jini a bayan gida ko zawo ya dawo ya ƙi tafiya, kada a ce basir ne a nufi mai tsimi, a dawo masa da ita da katinta. Katin yana cikin adakarta, a ƙarƙashin zannuwa, 'yarta ta naɗe shi a leda saboda damina.